Ranar da Merv Ya Ƙi Kora Tumaki Rumfa

Duk garin Kurrabinda murna ake yi, ban da Noelene. Garin ma nawa yake? Titi ɗaya, mashaya ɗaya, sai filin kiwon da ido ba ya ganin ƙarshensa. Bayan shekaru ana fari, ruwa ya kwana yana zuba, kuma bai tashi zuwa ba sai ranar da za a aske ulun tumakinta.

Da ƙyar ta samu masu askin nan. In suka wuce, sai bayan watanni, kafin nan ƙudaje sun yi ƙwai a ulun, tsutsa ta cinye dabbobin da ransu.

Trevor, shugaban masu askin, ya sa aka aske biyu na gwaji, masu askin suka kaɗa ƙuri'a kan ko tumakin sun bushe, kamar yadda aka saba.

“Jiƙaƙƙu ne, uwargida. Yarana ba sa taɓa jiƙaƙƙiyar tunkiya, ƙuraje take sa su. Kuma gara mu fita kafin hanya ta zama kunu.”

“Kwana biyu kacal, Trevor!”

“Ana jiranmu a gaba. Ai da a rumfa suka kwana, da yanzu mun yi nisa.”

Abin da ke cin ta ke nan. Jiya da hadari ya haɗo, da bakinta ta ce wa mijinta Merv ya kora su rumfa. Ya ce to. Wannan “to” ɗin nasa, kai!

Ta same shi a bakin tafki, ba ko hula, yana kallon ruwa yana washe baki kamar an ba shi sarauta.

“Merv, mantawa ka yi?”

“Ban manta ba.”

“To me ya hana ka, don Allah?”

Ya sosa ƙeya. “Bara sau nawa muna kora su ciki, hadarin yana watsewa? Jiya har na buɗe ƙofar, sai na ce a'a, ba da ni za a sake korar ruwan nan ba.”

Tsoho da furfurarsa, wai shi ke juya hadari da tumaki! Ta buɗe baki za ta wanke shi tas, sai ta tuna ita ma da gangan ta bar shanyarta a igiya jiya, tana tsoron kada kwashewa ta kori ruwan.

Motar masu aski ta wuce su tana watsa taɓo. Noelene ta bi ta da kallo har ta ɓace.

“Je ka wasa tsohon almakashin babanka,” ta ce. “Askin nan ni da kai ne.”