Hoton da Ya Kashe Mitiri

Mitiri masassaƙi ne a garinmu Baitalami, yana sassaƙa ƙananan gicciye da itacen zaitun yana sayar wa masu ziyara. Jan gemu gare shi, kuma gemun nan ne ya ja masa.

Wata shekara wani Bafaranshe, Hawaja Furnel (hawaja muke ce wa Bature), ya zo da akwatin ɗaukar hoto mai ƙafa uku. Aikinsa ya jera mutanenmu su zama mutanen Littafi Mai Tsarki: wannan Rut ce tana kala a gonar sha'ir, wancan Dauda ne da tumakinsa. Da ya ga Mitiri sai ya tsaya cak.

"Kai nake nema! Rungumi saurayin nan ka sumbaci kumatunsa. Kai uba ne da ɓataccen ɗansa ya dawo."

Mitiri ya yi, har da murnarsa. Ba a daɗe ba wani ɗan garinmu ya dawo daga Ƙudus da hoton. A ƙasa an rubuta: Yahuza maci amana yana sumbatar Almasihu. Ashe da jan gemu Turawa suke zana Yahuza.

Daga ranar yara suka sa shi gaba. "Yahuza, mu ma zo ka sumbace mu!" Masu ziyara suka riƙa nuna shi da yatsa, babu mai sayen gicciye a hannunsa. Ya daina zuwa coci, ya daina fita, kafin a tsinke zaitun muka binne shi.

Yayarsa Zarifa, maƙwabciyata, ba ta zubar da hawaye ko ɗaya ba.

Da shekara ta zagayo hawaja ya dawo, wani yana jan alfadarinsa ɗauke da akwatunan gilasan da ake buga hotunan daga jikinsu. Busasshiyar rijiya yake nema, zai ɗauki hoton Yusufu da 'yan'uwansa. Zarifa ta tare shi da fara'a.

"Akwai a gonata, hawaja. Ga 'ya'yana maza, ƙarti ne, sun isa 'yan'uwan Yusufu."

Muka bi su kallo. Ya leƙa rijiyar ya ce, "Hasken rana yana kaiwa ƙasa kuwa?"

"Ni tsohuwa ina na sani? Sauka ka gani."

'Ya'yanta suka zura shi da igiya. Ƙafarsa na taɓa ƙasa, babban ɗanta Nakhla ya janye igiyar. Zarifa ta buɗe akwatin farko.

"Ka san ni? Ni ce yayar Yahuza."

Ta riƙa zaro gilasan, ta ɗaga kowanne ga rana tana neman fuskar ƙanenta, in ba shi ba ne ta sake shi cikin rijiyar. Muna jin tartsatsin gilashi, muna jin hawaja yana ihu, ya maƙale a bango ya rufe kansa da riga.

"Baiwar Allah, aikin shekara guda ne! Zan canza rubutun!"

"Canza wa wanda ke kabari."

Sai da akwatunan suka ƙare ta bari aka fito da shi, hannayensa duk jini. Ya kai ƙara wurin jami'in Turkawa, amma garin nan kaf babu wanda ya ga komai, har limamin cocinmu. Ya tattara ya tafi.

Da yamma na shiga wurinta, ina zaton zan same ta hankali kwance. Tana zaune tana cire ɓarɓashin gilashi daga yatsunta.

"Na Mitiri ba ya ciki," ta ce. "Mai jan alfadarin ya ce yana shagon hawaja a Beirut. Mijinki ya taɓa zuwa can, ko? Kira min shi ya faɗa min hanya."