Shi Allura Ɗaya, Ni Magani Biyu

…kuma dariyar nan ai na san ta. Rabon matata Ibidun da ta yi mini irinta tun kafin a fara ɗura mini ruwan nan. Ga ta can a bencin jiran likita, ta toshe baki da bakin gyale, kafaɗunta na rawa, abokina Oyewole sai zuba yake. Me yake faɗa mata? Labarin motarsa da ta mace a tsakiyar kasuwar Dugbe? Tun muna samari nake jin sa, ko a lokacin bai ba ni dariya ba.

Ciwonmu ɗaya fa. Kansar nan ta maza mai toshe fitsari. Ni ne ma na jawo shi cikin gwajin maganin, da bakina — Oyewole, zo mu je, kada ka mutu a gida. Likita ta ce na'ura ce ke raba mutane, babu hannun kowa. Na'urar ta ba shi allura kaɗai, ni ta haɗa mini allura da ƙarin ruwa. Har murna na yi, wawa, wai an fifita ni…

Ga shi nan ya taso. Zafin. Daga ƙirji zuwa wuya zuwa tsakar kai, agbada ta manne mini a baya. Shi ma wai yana jin sa, sai ya yi fifita da hula ya mai da abin wasa. To gashinsa fa? Yana nan. Jiya a Mokola ya tashi da malmalar amala har da neman ƙari, ni loma ɗaya na kai, kamar na tauna ƙusa. Faratana sun yi baƙi. Yatsun nan… nawa ne kuwa?

Ni Ayanleke, ɗan makaɗa, jikan makaɗa. Bikin Tinuke, 'yata ta fari, na rataya kalangu, jama'a sun buɗe mini fili, na matse tsarkiya — yatsuna ba su ji komai ba. Sandar kiɗan ta zame ta faɗi. Wa ya fito ya rufe kunyar? Shi. Ya ja uwar amarya tsakar fili, ya duƙa, ya juya, ana ta shewa. Matata. An ce ya kyauta. Har ni na ce ya kyauta.

Shi ne fa ɗan aikena wurinta da can, lokacin da nake neman aurenta. Yakan daɗe bai dawo ba. Me ke riƙe shi? Ban taɓa tambaya ba, a lokacin ina da abin da… ina da komai. Yanzu sai "Baban Tinuke, sha ruwa." "Baban Tinuke, ka rama, sannu." Tana share mini gumi yadda take share wa ƙaramin yaro majina. Ba ta yi laifin komai ba. Da ma ta yi, da na sami abin riƙewa.

An kira shi wurin likita. Dubi tafiya, kamar mai zuwa ɗaurin aure. Ibidun ta tuna da ni, ta miƙo mini gorar ruwa. Ba na so.

Ya daɗe a ciki… me suke tattaunawa haka?

Ya fito. Hula a hannu. Bai nufi wurinta ba, kusa da ni ya zauna, bencin ya yi ƙara.

"Ayanleke, ciwon ya shiga ƙashi. Naka fa?"

Nawa yana ja da baya, haka likita ta ce wancan zuwan. Ai ya sani, Ibidun ta faɗa masa, ba ta ɓoye masa komai. Yana kallon sanƙona, yana kallon baƙaƙen faratan nan kamar zai cire su ya liƙa a nasa.

"Da ni aka ba biyun," in ji shi.

Sannu ya kamata in ce. Abokina ne tun muna yawo ba wando a unguwar Oje. Amma wani abu na motsi a cikina, mai sanyi, mai daɗi — Allah na tuba, daɗi ne? Oyewole na son abin da ke gare ni. Yau. Wannan abin…

Suna kiran sunana. Na ji. Bari in ɗan zauna tukuna.