Katin Hoto a Kan Teburin Auke

Ina fere dankali Silke ta turo mini waya har kusa da hanci.

"Baba, duba wannan. Kada ka ce a'a kafin ka duba."

Katin hoto ne, irin wanda ake saka wa kwamfuta don wasa ya fito tas. Tun bazara 'yar tawa take jera kaya a kanti ranar Asabar tana tara kuɗinsa. Sabo ya fi ƙarfinta, ya fi ƙarfina, sai dai na hannu. Ni kuwa duk tallan da ta kawo mini daga shafin sayar da kwancen kaya sai na gano masa aibi: wannan daga jikin kwali aka ɗauki hotonsa, wannan mai shi yana son kuɗi kafin a ga kaya, wannan arahar ta yi yawa. Ta sha faɗa wa uwarta cewa da ni ake bi, ko burodi ba za a saya a gidan nan ba sai an ga takardar haihuwar mai gasawa.

"A nan garinmu Sneek yake," in ji ta. "Zuwa ake yi a karɓa hannu da hannu. To yanzu me za ka ce?"

Na goge hannu na buɗa hoton da yatsu, ina neman tsaga ko alamar ƙuna. A jikin katin ban ga komai ba. A ƙarƙashinsa na gani. Ledar tebur ce mai zanen lemun tsami, a gefe guda da baƙin zobe inda aka taɓa dire tukunya mai zafi.

Na san zoben nan. Na sha ɗora kofin kofi a tsakiyarsa. Teburin Auke ne, maƙwabcinmu na jikin bango.

Auke Bosma ya yi rayuwarsa yana buɗe wa jiragen ruwan mutane gadar da ake ɗagawa a bakin gari. Da ya yi ritaya, matarsa kuma ta rasu, sai ya haɗa kwamfuta da hannunsa, ya shiga wasan tuƙa jiragen ruwa a cikinta, ya ce lokaci ya yi da shi ma wani zai buɗe masa. Ko ƙurar jikinta ba ya bari kowa ya share. Mutumin da zai sayar da katin cikinta ba Auke ba ne.

Na duba sauran kayan mai tallan. Sitiyarin wasa, abin sawa a kunne, fankoki. Duk a kan ledar nan.

Sai abubuwan da na daɗe ina gani suka haɗu a kaina. Tun da Auke ya dawo daga asibiti, yana cewa tsakuwa ce a ciki aka cire, labulen falonsa a rufe yake dare da rana. A layinmu ba mai rufe labule da rana, kowa yana wucewa yana ganin teburin kowa. Ga kuma Remko, ɗan 'yar'uwarsa, wanda a da ko ranar haihuwar kawun nasa ba ya leƙowa. Yanzu yana da makulli. Yakan zo da farar motar kaya, ya fita da kwalaye a rufe. Na taɓa ƙwanƙwasa ƙofar, shi ya buɗe, ya tare hanya da kafaɗa ya ce kawu yana barci.

Matata Marrit ta ce in daina shirme, in je in tambayi mutumin kai tsaye. Na ce idan Remko ya sake buɗewa fa? Na sanar da ɓarawo ke nan cewa an gan shi. Ta ce to in kira 'yan sanda in ce musu na gane ledar tebur, ta ga wanda zai fara dariya.

Ban kira kowa ba. Na buɗe sabon suna a shafin, na kira kaina Henk, na rubuta cewa ina son katin.

Na zaci mai sayarwa zai yi caraf ya amsa, yadda mai kayan sata yake son rabuwa da su. Sai ya fara yi mini tambayoyi. Wane akwatin wuta ne a kwamfutar? Gidanta yaya tsawonsa? Wane wasa za a yi da katin? Ni motar ɗaga kaya nake tuƙawa a ma'ajiyar cuku, ban san ko ɗaya ba. Na riƙa hawa sama ina tambayar Silke, ina sauka ina rubutawa. Da ya ji sunan akwatin wutarmu, ya rubuto cewa wannan ba akwatin wuta ba ne, murhu ne, ba zai ba da katinsa a gasa ba.

"Ka ji shi ko?" na ce wa Marrit. "So yake ya haɗa mini da wani kayan. Dabarar 'yan kasuwa ce. Remko ne."

Na rubuta cewa ba zan biya ba sai na ga katin yana aiki a cikin kwamfuta da idona. Ya ce haka ya kamata. Amma ba zai ba ni adireshi ba. In zo tashar bas ta ƙarshen layi ranar Asabar da rana, ya fara ganin fuskata tukuna, domin mutumin da yake ɗaukar lokaci haka kafin ya faɗi abin da ke cikin kwamfutarsa, bai yarda da shi ba.

Ranar Asabar na je da wuri. Wayata tana aljihun gaba, na shirya ta don ɗaukar murya. Ana yayyafi. Na zauna a benci ina leƙen farar mota.

Ba mota ce ta zo ba. Wani tsoho ne ya ɓullo daga layinmu yana tura keken dogarawa, yana tsayawa yana hutawa. Sai da ya iso kusa na gane shi. Rigar ruwansa ta yi masa yawa kamar ta aro, fuskarsa ta koma ruwan ɗorawa.

"Maƙwabci," ya ce, ya zauna a ɗaya gefen bencin.

"Maƙwabci. Ya jiki?"

"Yana nan inda na bar shi. Ina za ka a bas, kai da ke da keke?"

Na ce shan iska kawai na fito. Ya dubi yayyafin, ya dube ni. Muka zauna, kowa yana jiran ɗan'uwansa ya tashi. Bas ya zo, ya buɗe ƙofa, ya rufe, ya tafi.

Can ya ce wani ɗan damfara yake jira, wai shi Henk. Irin masu saye da araha su sayar da tsada ne, ya gane shi tun daga rubutu, ko sunan kayansa bai sani ba. Ya fito ne kawai ya ga idonsa ya kore shi. Ya ciro waya, ya daɗe yana dannawa da yatsa ɗaya.

Aljihuna ya yi ƙara.

Auke ya dubi aljihun, ya ɗago a hankali.

"Jelle. Kai ne Henk?"

"Na zaci Remko ne yake kwashe ka."

"Remko?" Ya yi dariya har ta koma tari. "Remko da bai san bambancin katin hoto da abin gasa burodi ba? Kama ni mu koma gida, Henk, ƙafafun nan sun gama aikin yau."

A falon na ga abin da labule yake rufewa. Gadon asibiti ne a inda kujera take a da, an juya shi yana fuskantar kwamfuta. Ya ce ba ya son duk mai wucewa da kare ya tsaya yana auna kwana nawa suka rage masa. Kwalayen kuwa kayan marigayiya matarsa ne, Remko yake kai wa shagon da ke karɓar kayan sadaka. Na tambaye shi tsakuwar fa. Ya ce ba tsakuwa ba ce, ciwon daji ne, kuma likita ya daina maganar bazara mai zuwa.

"Me ya sa ba ka gaya mana ba?"

"Don Marrit ta fara kawo mini miyar wake kullum? Na ɗanɗana miyarta."

Na ce to me ya sa yake sayar da kwamfutar gunduwa-gunduwa, ba ya bar ta yadda take ba. Ya ce idan ya bar ta, Remko zai ɗora ta a mota ya ba farkon wanda ya taya, ta ƙare a ƙarƙashin teburin wani tana shaƙar gashin kyanwa. Shi ya zaɓi kowane abu a cikinta ɗaya bayan ɗaya, yana jiran farashi ya sauka, haka kuma zai raba su. Sitiyarin ya tafi wurin wani direban bas. Masu neman katin sun yi yawa, duk ya kore su.

"Na Silke ne," na ce.

"Ya kamata in gane tun da aka ce wasan tseren mota. To me ya hana ta zuwa da kanta, ta aiko mini da ɗan leƙen asiri?"

Bai rage ko sisi daga farashin ba, kuma na ji daɗin hakan, don da ya rage da na fara tunanin katin yana da matsala. Duk da haka sai da na sa ya kunna. Teku ya bayyana a allon, ruwa yana ƙyalli, ana ganin kowace igiya a jikin jirgin. Na kasa kunne ko fanka tana gurnani. Ba ta yi.

Washegari Silke ta rungumo kwamfutarta ta shigo. Auke ya sa ta auna cikin gidan da tef. Katin ya fi wurin tsawo da kaurin yatsa, wani ƙarfen ajiye faifai ya tare shi. Murnarta ta koma ciki. Ni har na fara cewa ai na faɗa, sai ya ce in yi shiru in ɗauko almakashin kwano a ƙarƙashin matakala. Daga kan gado ya riƙa nuna mata inda za ta yanka. Na ce za ta yanke yatsa. Ya ce yatsunta goma ne, katin ɗaya ne. Ta yanka, ta goge bakin da magagari, katin ya shige ya zauna daram.

Saura murhun. Auke ya ce ba a kunna katinsa da wannan abu, a ciro akwatin wutarsa a saka mata. Silke ta ce to shi da me zai yi wasa?

"Da tsofaffin naki. Musanya za mu yi, 'yar maƙwabci. Ni ba nisa zan yi ba."

Haka aka yi. Tsohon katinta da akwatin wutar da ya kira murhu suka koma cikin kwamfutarsa. Da aka kunna, tekun ya zama kamar allon katako da aka shafa wa shuɗin fenti, jirgin yana tafiya yana tsalle-tsalle. Ya kalla ya ce ya taɓa ganin ruwan da ya fi wannan muni, ya sa hannu ya ci gaba da tuƙi.

Ni kuwa daga ranar ban sake samun natsuwa ba. Shi da bakinsa ya ce abin zai iya kamawa da wuta, ga shi yanzu a kusa da gadon mutumin da ba ya iya tashi da sauri, bango ɗaya da ɗakin 'yata. Kullum da safe kafin in tafi aiki sai na shiga, in ce gaisuwa na zo, in durƙusa bayan kwamfutar in shinshina. Ya gane tun rana ta farko.

"Ya ƙanshin yau, Henk?"

Wani lokaci in tarar da Remko a kujerar kicin, bargo a kafaɗa, yana jiƙa masa leɓe da soso. Mukan gaisa a taƙaice. Idona bai daina zagaya ɗakin yana duba abin da ya ragu ba, kuma ban taɓa samun abin da ya ɓace ba.

Kwanakin ƙarshe Auke ba ya iya riƙe komai. Silke takan shigo bayan makaranta ta tuƙa masa, shi yana ba da umarni da ido a lumshe. A wasan akwai wata gada da sai an busa ƙaho ake buɗewa. Kullum sai ya zagi mai gadar, ya ce da a ƙarƙashinsa yake aiki da tuni ya kore shi.

Wata safiyar Talata na fito, na ga labulen a buɗe.

Remko ya buɗe ƙofa kafin in ƙwanƙwasa. Idanunsa sun yi ja, rigar jiya ce a jikinsa. Wannan karon ya matsa gefe ya ba ni hanya. Ya ce da asuba ne, nas ta zo ta tafi, masu ɗaukar gawa suna hanya. An ja mayafi har ƙirjin Auke, an haɗa masa hannuwa.

Na tsaya a gefen gadon, ban san abin da zan yi da hulata ba. Sai na tsinci kaina a durƙushe bayan kwamfutar. Ɗumin ƙura kawai na ji. Fankar murhun tana juyawa, tana ɗan ƙas-ƙas.

"Ban san yadda ake kashe ta ba," in ji Remko. "Ina tsoron in ɓata wani abu."

Na ce ni ma ban sani ba, a bari Silke ta dawo daga makaranta.

Ya zuba mana kofi, muka zauna a teburin. Babu komai a kan ledar yanzu sai kofunanmu, nawa a tsakiyar baƙin zoben. Hasken safiya ya shigo ta taga ya dusashe allon, sai an ƙura ido ake ganin jirgin. Yana tsaye a gaban gadar, injinsa yana aiki a hankali, shuɗin ruwan yana ɗan tsalle a gefensa.