Gudumar Sixten

Samfefa ta uku ke nan da ta cinye a hannun Majken tun safe. Ta jefa ta cikin bokiti, ta shafa tafin hannunta a gefen jirgin ruwanta. Sumul. In ba wanda ya sani ba, babu mai cewa a nan ne ɓawon jirgin ya tsattsage kamar saƙar gizo. Sai dai sabon jelkot ɗin da ta shafa, wato farin shafen da ke rufe jikin jirgi, ya fi sauran jikin fari, don jirgin ya shekara arba'in yana shan rana da gishiri, farinsa ya koma irin na haƙorin mashayin kofi.

Ta miƙe da ƙyar, gwiwoyinta suna ƙara. Hutun mako guda ta ɗauka daga kicin ɗin makarantar da take girki, ta ƙarar da shi a ƙarƙashin tamfol. Hita biyu ta kunna, dukansu jirgin suke hura wa zafi, don jelkot ba ya daskarewa a sanyin Afrilu. Ita kuwa yatsunta sun daina jin komai tun ranar Laraba.

"Kyaftin!" Bosse ne, wanda jirginsa ke kusa da nata a filin ajiye jirage, ya ɗaga gefen tamfol ɗin da filas a hannu. "Har yanzu kwalliya ake? Ki bar ta haka, kifi ba sa duba fenti."

"Na gama."

"Gara dai. Gobe ƙarfe bakwai motar ƙugiya za ta iso. Ke ce ta huɗu, ni na biyar. In kika tsaya shafa mata hoda, ni zan sha jira."

Ya zuba mata kofi a murfin filas ɗin. Ta karɓa da hannu biyu don ɗumin.

Sau biyu motar ƙugiya take zuwa garinsu Marvik a shekara. Asabar ɗin ƙarshe ta Afrilu ta sauke jirage cikin ruwa, a Oktoba ta dawo ta kwashe su. Wanda ya rasa ta gobe, sai ya yi ta kallon teku daga tudu har baɗi.

Majken ba don yawo ta sayi jirgi ba. Mahaifiyarta Elvy, mai shekara tamanin da uku, tana zaune ita kaɗai a tsibiri, tafiyar rabin awa a jirgi mai inji. Daga ƙarshen Mayu jirgin fito zai daina tsayawa can. Matar ofishin kula da tsofaffi ba ta ɓoye komai ba: in akwai mai kai wa Elvy abinci da magani sau uku a mako, ta zauna a gidanta, in babu, ga ɗaki nan a gidan tsofaffi. Ranar Litinin take jiran amsa. Shi ya sa Majken ta sayi wannan tsohon jirgin faiba, wato na zaren gilashi da roba, a hannun wani mutum da ya rantse mata cewa tsagar a sama kawai take.

Ranar Talata, da ta buɗe bakin tsagar da ƙarfe don ta cike, wani ruwa mai launin shayi ya tsattsafo daga wuri ɗaya, yana warin tsami kamar khal. Ta goge. Ya sake fitowa. Ta goge, ta kafa masa hita har yamma, sannan ta cike ta shafe. Ba ta gaya wa kowa ba.

"Ga alƙali nan tafe," in ji Bosse.

Sixten ne yake ratsowa tsakanin jiragen a hankali, takarda a hammata, 'yar gudumar katako a hannu. Dokar ƙungiyarsu ta masu jirage ce: babu jirgin da zai taɓa ruwa sai Sixten ya bi jikinsa da guduma ya saurara, ya sa hannu. Jiki mai lafiya ƙwas yake cewa. Wanda ruwa ya shiga cikinsa kuwa, tim. Shekara arba'in da ɗaya yana wannan aikin.

"Kada ki damu," Bosse ya ce, bai ko rage murya ba. "Bara na ce masa injina yana hayaƙi, ya ce matarsa na gaishe ni. An so a yi maganar canja shi a taron ƙungiya. Aka sha kofi, aka ci burodin kirfa, kowa ya kalli takalminsa, aka watse."

Ya karɓi murfin filas ɗinsa ya koma wajen nasa jirgin.

"'Yar Elvy," Sixten ya ce da ƙarfi, kamar tana tsallaken ruwa. "Ya tsohuwa? Har yanzu tana faɗa da agwagin teku?"

"Tana nan lafiya."

"Ai haka na ce, sanyin bana ya yi yawa."

Ya fara daga hancin jirgin. Ƙwas. Ƙwas. Ƙwas. Yana tafe yana jan ƙafar hagu, gudumar tana sauka taƙi-taƙi. Majken ta bi shi a baya, hannuwanta cikin aljihu. Suka wuce tsakiya. Ƙwas. Ƙwas. Suka iso farin wurin.

Tim.

Ya matsa kaɗan. Tim. Ya ƙara matsawa, har ya wuce inda ta shafa da kamu biyu. Tim. Sai can kusa da bayan jirgin sautin ya koma yadda yake.

Sixten ya zagaya ɗaya gefen, ya gama, ya jingina takardar a jikin jirgin ya sa hannu a gaban sunanta. Majken ta kalli tawadar. Shi ke nan. Gobe war haka jirgin yana kan ruwa, Litinin ta ce wa matar ofis e.

Bai tafi ba. Ya soke gudumar a ɗamararsa, ya matso, ya yi magana da muryar da shi a ganinsa raɗa ce.

"Kunnena ya daɗe da yin ritaya, 'yar Elvy. Suna zaton ban sani ba. Shekara biyar ke nan ba jirgi nake saurare ba, fuskar mai shi nake kallo. Kowa ya san inda ya binne abinsa. In guduma ta kusa wurin, sai mutum ya daina numfashi. Ke kam tun daga tsakiya kika daina."

"To me ya sa ka sa mini hannu?"

"Na'am?"

Ta duba hagu da dama. Ita da ko a kicin ba a jin muryarta sai an kashe famfo.

"Na ce me ya sa ka sa hannu!"

Mutum uku suka ɗago kai daga jiragensu, suka yi sauri suka mayar.

"Don ban ji komai ba," in ji Sixten. "Ke kika ji." Ya naɗe takardar. "Zai iya kai ki ya dawo da ke har Oktoba, ko ɗigo ba ki gani ba. Zai iya kuma buɗewa ranar da iskar yamma ta tashi, kuna tsakiyar hanya ke da tsohuwa za ku asibiti. Ban sani ba. Guduma ba boka ba ce."

"In na buɗe, yaushe zai bushe?" Wannan karon ta faɗa a kusa da kunnensa.

"Wata uku. Huɗu in an yi ruwa." Ya kalli sama. "Za a yi kuwa."

Ya ja ƙafarsa ya nufi jirgin Bosse.

Majken ta zauna a kan bokitin da ta kife. Ta daɗe a haka. Tana jin gudumar daga nesa, da dariyar Bosse. Ta kalli wurin da ta gyara. Bai taɓa yin kyau kamar yanzu ba. Hasken yamma yana zamewa a kansa babu ko tangarɗa. Kafaɗunta suna zafi.

Ta tashi ta kashe hita biyun, ta zare wayar ɗaya ta jona injin gurza.

Da ƙarar ta tashi Bosse ya taho a guje, farar ƙura ta tare shi a bakin tamfol.

"Kyaftin! Kin haukace ne? An fa sa miki hannu!"

Ba ta tsaya ba sai da farin ya kau, zaren faiba ya bayyana, baƙi-baƙi, jiƙe. Ruwan ya fara gangarowa a sirare, tsamin ya cika wurin. Ta kashe injin, ta janye ƙyallen da ta rufe hanci da shi.

"Kai ne na huɗu gobe," ta ce.

Bosse ya kalli ramin. Ya ajiye mata filas ɗin gaba ɗaya a kan bokiti ya fita.

Ta goge hannu a wando ta kira lambar tsibiri. Wayar ta daɗe tana ƙara.

"Majken? Ɗaga murya, ina lambu."

"Mama, jirgin ba zai shiga ruwa ba bana."

Ta ji iska, da kukan tsuntsaye a can.

"Ruɓewa ya yi?"

"Ruwa ya sha ta ciki."

"To."

"Litinin zan gaya wa matar ofis."

"Na ji ki, ba ni ce Sixten ba." Elvy ta yi tari. "Kin ci abinci?"

"Na ci."

"Ƙarya kike. Je ki gida ki ci. Ni layi biyu suka rage mini na shukar dankali."

"Mama, ki bar shi haka. In an kai ki gidan tsofaffi, wa zai haƙa?"

"Irin ya riga ya tsiro, Majken. Ba a mayar da shi buhu."

Majken ta ji an ajiye wayar a kan dutse, ba a kashe ba. Can sai ƙarar shebur yana shiga ƙasa, a hankali, da hutu mai tsawo tsakanin kowane sara da na gaba. Ta koma kan bokitin, ta gyara wayar a kunnenta.