Alamar da Rokuro Ya Zana

Rokuro dai, tun da ya bar aikin yankar tikiti a jirgin fito, sai ya koma wa wata tsohuwar na'urar buga rubutu. Da an kwashe kwanukan abinci zai zauna ya buga duk abin da suka ce wa juna shi da matarsa Tsuyako a ranar, har da faɗan gishiri.

A rubutun ƙasarsu akwai wata 'yar alama mai kusurwa da ake buɗe magana da ita a rufe. To shi bai wadatu da ita ba. Na'urar tana barin mutum ya zana alamarsa ɗigo-ɗigo, sai ya zana biyu: tasa kamar ƙugiyar kamun kifi, tata kamar bakin butar shayi. Ba ya rubuta suna, alamar ce ke faɗin mai magana.

"Me ya sa ni ce buta?" in ji Tsuyako.

"Ke ce mai tafasa."

Ya rasu da kaka, na'urar ma ba ta jima ba ta bi shi. Da addu'ar cika shekara ta matso, Tsuyako ta ƙudura ta tsamo maganganunsa kaɗai, a buga ɗan littafi a raba wa dangi. Ta ba 'yarsu Mihoko faifan da na'urar ke adana rubutun a ciki. Mihoko ta kai wani shago a birni, aka karanta shi aka kwafe a kwamfuta da ƙyar, don danshin teku ya cinye shi, daga nan bai sake buɗuwa ba.

Mihoko ta dawo da kwamfuta, ta durƙusa kan tabarma ta daɗe ba ta buɗe ba.

"Mama, maganganun duk suna nan. Alamomin ne babu."

Tsuyako ta sa tabarau. A bakin kowace magana, wasu 'yan sanduna biyu ne baƙaƙe, waɗanda masu ɗab'i ke kira sawun takalmin katako, ana sa su a gurbin harafin da aka rasa. Babu ƙugiya, babu buta.

"Kowace alama lamba ce a cikin na'ura," in ji Mihoko. "Kusurwar da kowa ke amfani da ita, duk duniya an yarda da lambarta. Na Baba kuwa na'urarsa kaɗai ta san su. Da sabuwar ta rasa gane su, sai ta mai da su iri ɗaya."

"Taurin kan ubanki ke nan. Abin kowa bai ishe shi ba." Ta gyara zama. "Karanta mini. Na zauna da mutumin nan tun ina da baƙin gashi, zan gane muryarsa."

Mihoko ta karanta. "Gishiri ya yi yawa a miyar nan."

"Shi ne."

"Harshe ne ya tsufa."

"Ni ce," in ji Tsuyako, har da 'yar dariya.

Haka suka yi ta yi, shayi ya huce a gabansu. Amma da aka yi nisa sai Tsuyako ta soma jinkiri. Wa ya ce gwiwa na ciwo? Wa ya ce a bar wa tsuntsaye 'ya'yan itacen bayan gida? Mutum biyu da suka tsufa tare, ashe bakinsu ya zama ɗaya.

Can kusa da ƙarshe Mihoko ta sassauta murya. "Ni dai in za a tafi, a fara da ni. Ba zan iya zaman gidan nan ni kaɗai ba." Ƙarƙashinsa kuma: "Son kai ke nan. To na yarda."

"Wannan fa, Mama?"

Tsuyako ta juya ta dubi hotonsa inda turare ke ci. Ta tuna ranar, ana ruwa, tana ɓare wake. Ta tuna an yi dariya. Amma ko ita ce ta roƙa ya yi mata alkawari ya karya, ko shi ya roƙa ta ba shi izini da bakinta, wannan ya ɓace mata.

"Baban Mihoko," ta ce wa hoton, "wa ya faɗa?"

Mihoko ta jira, hannunta a kan madannai.

"Kada ki tsame komai," in ji Tsuyako daga baya. "Buga shi duka, da sawun takalman. Ban san inda zan yanke ba."

Ta cire tabarau ta tashi ɗumama shinkafa. Ta sauko da kwano biyu, ta tsaya tana kallonsu, sai ta tuna Mihoko na nan, ta bar su.