Ɗinki Mara Ƙwari

Babanmu Halvard ya yi shekara talatin yana koya wa mutane gudun ƙanƙara, wato sulɓi a kan dogayen katakai da ake ɗaurawa a ƙafa, don haka a wurinsa babu cutar da zufa ba ta magani. Ko likitar da ta duba ƙanena Eivind a Bergen bai tsaya ya saurare ta ba.

Baiwar Allah har zane ta yi mana. Ta ce kowane zaren tsoka yana cikin 'yar fatarsa kamar jaka, kuma akwai wani furotin da ke riƙe fatar daga ciki, kamar ɗinki. Ɗinkin Eivind tun haihuwa ba ƙwari. In ya takura tsokar sai fatar ta yage, kitse da tabo su cike wurin, ƙarfin kuwa ya tafi ke nan.

"Shirme!" in ji Baba a mota. "Tsoka sai da wahala. Zaman ofis ne ya lalata shi."

Ka ji babban masani.

Lokacin Eivind yana da shekara talatin da ɗaya, yana hawa bene da ƙyar in ya dafa bango. Da hutun Ista ya zo, Baba ya ce kowa ya ɗaura katakonsa, za a hau dutse kamar kullum.

"Kada ka je," na ce wa Eivind. "Wallahi ƙafafun nan za ka ƙarasa."

"Yaya Torunn, so nake sau ɗaya dai ya dube ni bai yi tsaki ba."

Kilomita bakwai ya ja jiki, tsohon yana bayansa yana ihu: "Ka gani? Ashe ragwanci ne!" A ƙoli aka sha lemo, aka ci cakulan, aka ɗauki hoto. Takaici ya hana ni haɗiyar komai.

Washegari fitsarinsa ya fito kamar baƙin kofi. Kwana tara ya yi a asibiti, aka ceto ƙodarsa. Ya dawo yana dogara sanduna biyu, bene kuwa ya yi sallama da shi.

Kana tsammanin Baba ya ji kunya? Ina! Hoton ya kai aka faɗaɗa, ya sa masa gilashi, ya rataye a falonsa na sama. Duk baƙon da ya zo sai ya ja shi can: "Ɗana ke nan, sai da ya kai ƙoli!"

Jiya na sauko daga falon, na tarar da Eivind zaune a gindin matakala.

"Yaya," ya ce, "na yi kyau a ciki?"