Hannun Hagun Baba Cif

Haruffa suka yi ta zubowa a fuskar kwamfutar, layi bayan layi, babu kalma ko ɗaya mai ma'ana. Baba Badamasi bai ma fara bugawa ba. Ɗora hannunsa na hagu kawai ya yi a kan kibod ɗin, amma hannun yana rawa, duk maɓallin da yatsa ya taɓa sai ya nutse.

"Injiniya, wannan kuma wane yare ne?" in ji Abdulmajeed, babban ɗansa, yana tsaye a bakin ƙofa da wayoyi biyu a hannu.

Nafeesa, wadda yake kira Injiniya, ta matso. Ta ɗaga hannun dattijon a hankali ta mayar masa kan cinya. Kuskuren nata ne, ta kuwa gane shi nan take. Jiya ta wuni tana cire sifirin, wato ɗan naɗaɗɗen ƙarfen da ke ƙarƙashin kowane maɓalli, tana sa masu taushi, don a tunaninta mara lafiya sauƙi yake buƙata. Ta manta cewa hannu mai rawa wurin jingina yake nema.

Katanga ɗaya ce ta raba gidajensu a Gwarinpa. Nafeesa tana aiki a sashen kwamfuta na wata ma'aikata. A shekarun nan da kuɗi suka shigo, ofisoshi suka sauya injina, aka tara tsofaffin kibod a sito ana gwanjonsu kamar tarkace. Ita ta riƙa ɗebo su, irin masu nauyi masu ƙara, tana wanke su, tana gyarawa, tana sauya musu abin da ya mutu. Baba Badamasi, wanda 'yan layin ke kira Baba Cif, shekara talatin da uku ya yi yana buga takardun gwamnati, daga tafireta a Legas har kwamfuta a Abuja, ya yi ritaya yana shugaban masu buga takardu. Shi ne alƙalinta. Duk wanda ta gyara sai ta kai masa ya gwada, ya rufe ido ya buga layi uku, sannan ya ce, "Wannan na da rai," ko kuwa, "Wannan soso ne, mayar."

Mako uku ke nan da ɓarin jikinsa na dama ya shanye. Likita ya ce hankalinsa ƙalau yake, harshe ne ya yi nauyi. Sun ba shi biro, hagu ta kasa riƙewa. Sun kawo masa laftof, yanar ido ta hana shi ganin haruffa, maɓallan kuma shafaffu ne, yatsa ba ya jin inda yake. Abdulmajeed ya riga ya shirya kai shi asibiti a Indiya, jirgi ranar Asabar. Duk sanda aka ambaci tafiyar sai Baba Cif ya kaɗa kai, ya yi wani gurnani.

"A'a yake cewa," in ji Iyatu, matarsa, da ke zaune a gefen gado.

"Inna, kan nasa ai dama rawa yake yi. Ko a'a ɗin ce ma, tsoron jirgi ne. In yana da dalili ya faɗa mini, wallahi zan ji. Amma ba zan zauna ina kallonsa haka ba." Ya juya ga Nafeesa. "Na gode da ƙoƙari, amma kada ki wahalar da shi."

"Ba ni zuwa Juma'a, Yaya."

Ranar Talata ce. Ta rubuta takardar neman hutun kwana uku, ta shimfiɗa farin zane a teburin cin abinci, ta jera kayan aiki.

Aikin farko mai sauƙin fahimta ne, sai dai cin lokaci. Akwai wani kibod na banki da ta ajiye saboda ya yi mata tauri, sifirinsa take so ta mayar a na Baba Cif. Ta riƙa buɗe maɓallansa ɗaya bayan ɗaya da tsinken sakace biyu, tana ciro sifirin, tana sa shi a faranti don kada ya yi tsalle ya ɓace. Uku sun ɓace duk da haka. Ɗaya ta same shi a cikin kofin shayinta.

Aiki na biyu shi ne ya hana ta sukuni. Mai buga takarda na gaske ba ya kallon kibod. Hannun hagu ya san rabinsa, hannun dama ya san nasa rabin, babu mai shiga gonar wani. Hagun Baba Cif rabin haruffa kawai ta sani. In aka ce ta tsallaka ɗaya ɓangaren, ɓata za ta yi, ido kuma ba zai taimake ta ba.

Ranar Laraba da hantsi ta shiga gaishe su, ta tarar da Iyatu tana ɗinke rigar matashin kai a keken ɗinkinta na lantarki, ƙafarta na taka feda tana saki. Nafeesa ta tsaya tana kallon ƙafar.

"Inna, ƙafarsa ta hagu tana motsi?"

"Sosai ma. Jiya da ita ya ture kwanon kunu."

"Ara mini fedar nan."

"Ki kai ta ina? Ke dai da kwashe-kwashe!" Amma ta sunkuya ta zare ta, ta goge ta da gefen zaninta ta miƙa mata.

Nafeesa ta yanke wayar fedar, ta liƙa ta da dalma a ƙafafun wani maɓalli da ba a amfani da shi. Sannan ta rubuta ɗan umarni a kwamfuta: in an taka feda, kowane maɓalli na hagu ya ba da harafin takwaransa na dama. Abin da manuniyar dama ta saba bugawa, manuniyar hagu ta buga shi a wurin da ya yi daidai da nata. Ko hannu ɗaya zai iya tuna aikin ɗan'uwansa, wannan ba ta sani ba. Sau biyu nefa ta ɗauke wuta ƙarfen dalma ya huce a hannunta, ta je ta ja janareto da kanta.

Ranar Alhamis bayan azahar ta kai masa. Ta ɗora kibod ɗin a kan faifan katako bisa cinyarsa, ta sa fedar ƙarƙashin ƙafarsa, ta yi masa bayani sau biyu, a tsanake. Ya ɗora hannu. Hannun ya yi rawarsa, maɓallan suka riƙe shi, babu harafin da ya fito. Ta ga kafaɗarsa ta sauka.

Ya danna. Ƙas. Ya taka feda, ya sake dannawa. Ta riƙa karanta masa kowane harafi da ƙarfi, tun da ba ya gani. Wunin ranar bai haɗa kalma uku daidai ba. Ƙafa takan riga yatsa, ko ta makara. Gumi ya jiƙa masa wuyan riga.

"Baba Cif, mu bari sai gobe?"

Ya buga faifan katakon da tafin hannu. Suka ci gaba har aka kira la'asar.

Ranar Juma'a Abdulmajeed ya dawo daga masallaci da fasfo biyu a aljihun babbar riga. Tun daga tsakar gida ya ji ƙarar, ƙas, ƙas-ƙas, a hankali amma ba ta yankewa. Ya shigo ya tarar da mahaifiyarsa tana dariya tana share hawaye.

"Me ya faru?"

"Karanta masa, Nafeesa. Ji abin da ya fara faɗa bayan mako uku!"

Nafeesa ta karanta: "Kunun nan babu tsamiya."

Abdulmajeed ya zauna a ƙasa, kusa da ƙafar mahaifinsa. Baba Cif ya ci gaba da bugawa. Ya ɗauki kusan rabin awa, Nafeesa na karanta kalmomin yadda suke fitowa.

"Abdul. Ba tsoro ba ne. Na ji abin da likita ya gaya maka a baranda, kunnena bai shanye ba. Zuciyar ma ta gaji. Ba na so in mutu inda uwarka ba za ta iya tambayar ruwa ba. A bar ni a ɗakina."

"Baba, can akwai injina, akwai ƙwararru. Mutane suna zuwa suna dawowa da ƙafarsu. Me za a ce da ni? A ce ina da hali na bar ka?"

Ƙas. Ƙas-ƙas.

"Ka ce ni na hana. A buga a takarda in sa hannu." Yatsun suka huta, suka sake tashi. "Ka yi duk abin da ɗa ke yi. Na yafe maka, Allah ya yi maka albarka."

Abdulmajeed ya miƙe. Ya fita tsakar gida, suka ji yana waya da Turanci, yana cewa a soke tafiyar.

Kwana tara Baba Cif ya ƙara. Kullum bayan karin kumallo sai a ɗora masa faifan. Ya faɗi wanda za a ba agogonsa. Ya ce a buɗe taga ta gabas. Ya gaya wa Nafeesa cewa maɓallin wasali ɗaya yana ɗan makalewa, kuma gaskiyarsa ne, ta buɗe ta sami ƙura a ciki. Sauran duk hira ce da Iyatu: ɗakinsu na farko a Legas da ruwa ke shiga, da ranar da ta ƙona masa farar rigar ofis da dutsen guga ta ɓoye ta a ƙarƙashin katifa. Abdulmajeed ne ke karantawa yawanci, don ya daina zuwa ofis.

Ranar Lahadi da hantsi, Iyatu ta fita ɗauko ruwan alwala. Kafin ta dawo ya cika, ɗansa na riƙe da hannunsa yana maimaita masa kalmar shahada. Aka yi jana'iza bayan azahar. Layin ya cika da motoci, har da wasu tsofaffi uku da suka yi aiki a ƙarƙashinsa, suka zo a tasi ɗaya daga Orozo.

Bayan sadakar uku, da mutane suka ragu, Nafeesa ta buga duk abin da ya rubuta a firinta. Shafi goma sha huɗu ne. Ta haɗa su ta kai wa Iyatu, ta same ta zaune a kan tabarma a inuwar katanga.

"Duk wannan shi ya faɗa?" Iyatu ta auna nauyin takardun a tafin hannunta. "Shekara arba'in da ɗaya muna tare, bai taɓa yi mini surutu haka ba."

Ba ta yi boko ba. Ta buɗe shafi na farko, ta juya, ta sake juyawa.

"Ina sunana a nan?"

Nafeesa ta matso, ta kama yatsanta ta ɗora a kan wata kalma a tsakiyar shafin. Iyatu ta kalli kalmar sosai. Sannan ta fara bin layukan da yatsa, a hankali, tana neman wata mai kama da ita.